Ina Waƙar? Gardamar Jaz a Majalisun Yerwa

A shekarar 1823 wani sojan Ingila mai suna Dixon Denham ya sauka Kukawa da ɗan akwatin kiɗa a cikin kayansa, irin wanda ake murɗa wa mabuɗi ya yi ta kaɗa kansa. Kafin a jima labari ya gama gari, jama'a suka riƙa tururuwa masaukin baƙon, wanda duk ya ji sai ihu da sowa. Da maganar ta kai fada, Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ya ce shi ma sai ya ji da kunnensa. Denham ya rubuta cewa da fari Shehu ya yi mamaki, ya yi 'yan tambayoyi. Amma da akwatin ya shiga kaɗa wani sautin makiyayan Suwizalan, sai ya rufe fuska da tafin hannu ya yi tsit. Wani na kusa da shi ya kasa daurewa ya ɗaga murya, Shehu ya kai masa bugun da ya kaɗa hantar duk wanda ke wurin. Bayan shekara 47, a 1870, Gustav Nachtigal ya kawo wa Shehu Umar tsarabar Sarkin Furushiya, a ciki har da wata fiyano mai aiki da iska, wadda ta sha wuyar hamada kafin ta iso.

Baƙon sauti dai ba yau ya fara shigowa Borno ba. Haka ma saɓanin da ke tsakanin mai son a yi shiru a saurara da mai ganin cewa kiɗan da bai sa ka magana ko rawa ba, bai cika kiɗa ba. Shehu yana da ikon kashe gardamar da hannu ɗaya. Masu son jaz na Maiduguri, wato Yerwa, ba su da wannan gata.

Ba su da yawa, kuma sun san da haka. Za ka same su jefi-jefi: malamin jami'a da ya yi karatu a waje, tsohon ma'aikacin gidan rediyo, likita, ɗalibin da ya yi tuntuɓe da wani faifai a YouTube cikin dare bai sake komawa daidai ba. Babu wani dandali nasu na musamman. Fagen famarsu shi ne majalisa, wato wannan zama na benci da tabarma da ake yi a ƙofar gida ko gindin dalbejiya daga Gwange har Bulumkutu, inda butar shayi ke kan gawayi, 'yar sifika mai caji kuma tana tsakiya. A majalisa wanda wayarsa ta kama sifika shi ne sarki, amma sarautar ba ta wuce minti biyar. In ya sa Hamisu Breaker ko Ali Jita, lafiya lau. In ya sa Shata, dattawa su gyara zama. In ya sa Muhammad Wardi na Sudan, wani Bashuwe ya lumshe ido ya fara kaɗa yatsa a sama. To amma bari ya yi karambanin sa Kind of Blue na Miles Davis. Minti ɗaya bai cika ba za ka ji ƙaramin cikinsu, mai zuba shayi, ya ɗago kai: "Yaya, wai har yanzu gwaji suke yi, ko sun fara?" A yi dariya. Wani dattijo ya ɗora da tambayar da ita ce uwar gardamar: "Ɗana, kiɗan dai mun ji. Ina waƙar?"

Masu son jaz kan ɗauki wannan tambaya a matsayin ƙauyanci. Ni ban ɗauke ta haka ba. Tambayar mai ilimi ce, kuma daga wata tsohuwar makarantar sauraro ta fito.

Kunnen da ya tashi a ƙasar Hausa, da ma na Borno, magana yake nema a cikin kiɗa. Abin da ya sa ake girmama Narambaɗa da Ɗanƙwairo shi ne azanci, da habaici, da sanin asalin gidan da ake wa waƙa. Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya tsaya gaban duniya ne saboda abin da yake faɗi game da ɗan adam da zaman aure da karen mota. Ko inda babu muryar mutum, maganar tana nan a ɓoye. Kalangu yana bin hawa da saukar harshe, mai kiɗa yana matsa tsarkiyar a hammata yana saki, ganga tana furta abin da duk ɗan gari ya sani. Basarake da takensa, ɗan dambe da nasa, mahauta da nasu. Mutum yana daga cikin gida zai ji take ya san wanda ya iso. Saboda haka in ka sa wa irin wannan mai sauraro busar jaz ta John Coltrane, ba ƙin ji yake yi ba. Yana kasa kunne ne ya gano maganar da ke ƙarƙashin busar, ya lalubo ya rasa, sai ya yanke hukuncin cewa mai busar ba shi da abin faɗi.

Inda na raba hanya da dattijon shi ne wajen cewa tsarin jaz baƙo ne gare shi. A ɗauki kiɗan farko na Kind of Blue, So What, wanda aka naɗa a New York ranar 2 ga Maris 1959. Bayan 'yar shimfiɗa, Paul Chambers ne ke fara kira da babban gogen nan mai kauri da ake tsinka da yatsa. Duk kiran da ya yi, sai fiyano ta amsa masa da sauti biyu, daga baya ƙahoni su shigo su taya ta amsawa. Kira da amshi ke nan, tsaf. Da an kafa wannan gindi sai Miles ya fito ya faɗi nasa, a taƙaice, yana barin fili tsakanin magana da magana. Sai John Coltrane ya karɓa da ambaliya, sai Cannonball Adderley da fara'arsa, sai Bill Evans ya ɗan taɓa, sannan a koma kan kiran farko a rufe. Minti tara da 'yan kai. Miles bai ba su rubutaccen kiɗa cikakke ba, 'yan zane-zane kawai ya kawo ɗakin naɗi, sauran a nan take aka ƙirƙira.

Wanda ya san Shata ya san wannan aiki. Kalangai da 'yan amshi su ke riƙe gindin waƙa ba sa motsi, shi kuma yana yawo a kai yadda ya ga dama. Ya hango wani ya shigo fili, nan take ya saƙa shi cikin baiti. Shi ya sa in ka tara kaset uku na Bakandamiya da aka ɗauka a wurare daban-daban ba za ka same su iri ɗaya ba, kuma masoyansa har gobe suna musu a kan wacce ta fi. Bambancin kawai shi ne Shata da kalma yake ƙirƙira, su Miles da sauti. Ba ƙaramin bambanci ba ne, na yarda. Fela ma ya ɗanɗana shi. Da ya dawo daga karatun kiɗa a Landan a 1963, jaz tsantsa ya fara yi a Legas da ƙungiyar mutum biyar, 'yan kallo suka yi masa ƙaranci. Sai da ya gauraya da hailaif, daga baya ya ƙara ganga da rawa da magana mai zafi cikin Turancin kasuwa, sannan Nijeriya ta waiwaye shi.

Hanyar gabas

Akwai wani ruɗani da ke sa gardamar Yerwa ta bambanta da ta Kano ko Zariya. In ka ce "jaz" a gaban mutum uku, mai yiwuwa kiɗa uku daban suka ji. Ga dattijon da ya yi samartaka a shekarun 1960 da 1970, jaz shi ne kiɗan ƙungiya mai jita da ƙahoni da ganguna, wanda ake rawa da shi sanye da kwat. Haka abin yake a kusan duk Afirka ta wancan zamani. A Kinshasa akwai African Jazz ta Joseph Kabasele tun 1953, da OK Jazz ta Franco tun 1956. A Gini an kafa Bembeya Jazz a 1961. Nan kusa, a Cadi, an kafa Chari Jazz a 1964 zamanin Shugaba Tombalbaye, har aka tura makaɗanta Kwango su ƙaro sani. Babu ɗaya daga cikinsu da ke yin abin da Ba'amurke zai kira jaz. Rumba ce da kiɗan gida aka sa wa kayan zamani.

Maiduguri kuwa kunnenta ɗaya a gabas yake kullum. Tun kafin a kafa Yerwa a 1907, Borno zango ce a hanyar maniyyata masu tafiya ta ƙasa. A zamanin mota, hanyar ta bi ta Dikwa da Gamboru, a haye zuwa Kusuri da Fot Lami, wato Njamena ta yau, a wuce Abeche, a shiga Sudan ta Junaina, har bakin Bahar Maliya. Wasu sukan shekara da shekaru a hanya suna noma da ƙwadago, wasu ba su dawo ba sam. Daga cikin zuriyar waɗanda suka zauna ne aka sami A'isha Musa Ahmad, wadda Sudan ta sani da A'isha al-Fallatiya. Iyayenta daga ƙasar Sakkwato suka taso, mahaifinta malami ne, ita kuma ta zama mace ta farko da ta rera waƙa a gidan rediyon Umdurman a farkon shekarun 1940. Ta rasu a 1974. Waɗanda suka dawo gida kuwa sun dawo da turare, da lafaya, da Larabcin Sudan, da kuma kunnen da ya saba da Wardi da Sayyid Khalifa da Abdulkarim al-Kabli. Har yau a bikin Yerwa, bayan gangar daren wushe-wushe, da wuya a tashi ba a ji sautin Sudan ba.

Abin da ya sa wannan kiɗa ya zauna daram a nan ba Larabci kaɗai ba ne. Waƙar Sudan a kan matakalar sauti biyar take tafiya, ba irin ta Masar ko Sham mai lanƙwashe-lanƙwashe ba. Yawancin kiɗanmu na gargajiya ma a kan biyar ɗin yake, haka nan bulus na baƙaƙen Amurka, wanda shi ne kakan jaz. Kunne yakan gane ɗan'uwansa ko da bai san sunansa ba.

Sudan ma tana da nata jaz. Sharhabil Ahmad, haifaffen Umdurman a 1935, mai zanen barkwanci ne a mujallar yara kafin a naɗa shi sarkin jaz na ƙasar, kuma matarsa Zakiyya tana kaɗa jita a ƙungiyarsa, abin da ba a saba gani ba a lokacin. A 2020 wani kamfanin Barlin mai suna Habibi Funk ya tattara tsoffin waƙoƙinsa ya fitar da The King of Sudanese Jazz, bayan ya sake fito da Jazz, Jazz, Jazz na ƙungiyar The Scorpions da Saif Abu Bakr a 2018. In da za a nemi shawarata kan faifan da ya kamata a fara sa wa majalisar da ba ta taɓa jin jaz ba, ba zan ce Miles ba. Sharhabil zan ce. Akwai murya, akwai rawa, akwai Larabcin da rabin majalisa ke ji, sannan ga saksofon yana kutsowa tsakanin baiti da baiti yana faɗin nasa. Wanda ya saba da wannan kutse, gobe in aka cire muryar aka bar masa busar ba zai firgita ba.

Daga garmaho zuwa memori

Jaz ɗin Amurka kuwa ta sama ya fi shigowa. Daga 1955 har rasuwarsa a 1996, Willis Conover yana gabatar da shirin jaz a Muryar Amurka, yana buɗewa da Take the A Train na ƙungiyar Duke Ellington, yana magana da Turanci a hankali don baƙin harshe su gane. Duk mai rediyo mai gajeren zango da haƙurin murɗa allura cikin dare zai iya kama shi. Gwamnatin Amurka ba don Allah take wannan hidima ba, yaƙin cacar baka take yi da Rasha, kuma ta ga ƙaho ya fi jawabi shiga zuciya. Cikin wannan lissafi ne Louis Armstrong ya zagaya Afirka a ƙarshen 1960, ya zo Nijeriya makonni kaɗan bayan samun 'yanci. Akwai hotonsa da Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna, wanda masu son jaz na Arewa ke ajiyewa a waya kamar takardar shaida.

Sai zamanin faifan garmaho, wanda sai mai hali. Jirgin ƙasa ya iso Maiduguri a 1964, jami'a ta buɗe a 1975 ta tara malamai daga Kudu, da Gana, da Indiya, da Turai, kowa da abin da ya ɗauko a akwati. Amma kaset ne ya mai da kiɗa abin aro. Rediyo mai baki biyu, kaset ɗin da babu komai a kai, biro a rubuta suna a bayan kwali, in zare ya harɗe a sa fensir a naɗe. Aron kaset yana da ladubbansa. Ba a ba wanda ba a yarda da shi ba, ba a mayarwa ba tare da an faɗi ra'ayi ba, kuma mai bayarwa yakan haɗa da umarni: a fara da gefe na biyu, a jira dare, kada a ji a cikin mota. Rabin abin da mutum ya sani game da kiɗa daga irin wannan umarni ya samo shi.

Shekarun rikici sun taɓa wannan al'ada ta inda ba a cika magana ba. Daga 2009 zaman dare ya zama abin tsoro, dokar hana fita ta kore majalisu da wuri, a 2011 aka hana hawa babur a cikin gari. A watan Mayun 2013, da aka kafa dokar ta-ɓaci, an katse layukan waya na tsawon watanni. Wayar da ba ta kira sai ta koma rediyo da akwatin kiɗa, masu tura waƙa a memori suka ci kasuwa, Bluetooth ya zama hanyar zumunci. A Janairun 2021 aka fasa turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, gari ya daɗe cikin duhu, cajin waya ya zama abin saye, kowane minti na sauraro da kuɗinsa. Sai gobarar Kasuwar Monday a Fabrairun 2023, sai ambaliyar madatsar Alau ta 10 ga Satumba 2024, wadda ta shiga Gwange da Kwastam da fadar Shehu kanta. Wanda ya yi asarar gida da 'yan'uwa ba zai tsaya lissafin kaset ba, kuma babu mai ganin laifinsa. Amma kaset da faifai a ƙasan gado ake ajiye su, cikin kwali, kuma ruwa ba ya tambaya.

Yau komai ya yi sauƙi har ya yi yawa. Da data ta naira kaɗan za ka sauke abin da a da sai an yi maka aike daga Landan. Abin da ya ɓace shi ne kwalin. A bayan faifan jaz ake rubuta wanda ya busa, wanda ya kaɗa ganga, ranar da aka naɗa, a wane ɗaki. Masoyin jaz da waɗannan sunaye yake tafiya: ya ji mai fiyano ya burge shi a nan, ya bi sawunsa zuwa wani faifai, daga can ya tsinci wani mai ganga. Waƙar da ta zo ta WhatsApp ko Xender kuwa tsirara take zuwa, wani lokaci ma da lamba a maimakon suna. Sai ka ga saurayi yana ƙaunar wani kiɗa shekara guda bai san cewa Ahmad Jamal ne ba, balle ya nemi At the Pershing na 1958 ya ji sauran.

Tunda an ambaci Ahmad Jamal: a kowace majalisa akwai mai tsoron Allah da zai tuna wa jama'a cewa kiɗan gaba ɗayansa abin dubawa ne a shari'a. Nan da nan mai son jaz zai zaro jerin sunaye. Art Blakey ya musulunta ya zama Abdullahi ibn Buhaina, ga Yusef Lateef, ga Idris Muhammad, ga Abdullah Ibrahim na Afirka ta Kudu, ga Coltrane da ya yi A Love Supreme a Disambar 1964 don godiya ga Ubangiji, ko da yake shi bai musulunta ba. Duk gaskiya ne, amma ba hujja ba ce, kuma mai wa'azin ya san haka. Mas'alar ta malamai ce, sun daɗe suna saɓani a kanta, ba a bakin butar shayi za a warware ta ba.

Baƙon Zariya

Cikin waɗancan sunaye akwai wanda ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ne ya yi tafiyar ta ɗaya ɓangaren. Yusef Lateef, wanda aka haifa a 1920 ya tashi a Detroit, ya riga ya yi suna a duniya lokacin da ya tattara ya zo Zariya a 1981. Shekara huɗu ya yi a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, yana bincike a kan sarewar Fulani, yana zama da makaɗan gargajiya a matsayin mai koyo. A 1983 ya naɗi faifan In Nigeria a Legas, kuma shi da Ziky Kofoworola suka rubuta littafi a kan kiɗa da wasannin Hausa wanda ya fito a 1987. Mutumin da ake biyan kuɗi a Turai don a ji busarsa, ga shi a Samaru yana tambayar makiyayi yadda ake huda kara.

Tun kafin ya zo ma kunnensa yana wajen nan. A faifansa Eastern Sounds na 1961 ya busa obo, wadda 'yar'uwar algaita ce ta jini: dukansu ɗan haki ne mai baki biyu ke kaɗawa ya ba da sauti. Duk ɗan Yerwa da ya taɓa tsayawa kusa da mai algaitar fada ranar hawan salla ya ga abin da makarantun kiɗa na Turai ke koyarwa a matsayin babbar gwaninta. Kumatu su kumbura kamar za su fashe, leɓɓa a manne da faifan bakin algaita, iska tana shiga ta hanci tana fita ta baki a lokaci guda, sauti ba ya yankewa ko na ƙiftawar ido. Jijiyar wuya ta miƙe, gumi yana bin gefen hula, yatsu suna rawa a kan ramuka, ganga tana biye. Rahsaan Roland Kirk da wannan dabarar numfashi ya riƙa ruɗa 'yan kallo a Amurka. A nan kuwa yara suna wucewa ta gabansa da rake a hannu, ba su ko waiwaya.

Sai dai a yi hattara da zaƙewa. Akwai masu jin irin wannan labari su buga ƙirji su ce ai jaz namu ne, daga nan aka sace shi. Ba haka ba ne. Jikokin bayi ne suka gina shi a New Orleans da Chicago da New York, da kayan busar sojan Turawa, da waƙoƙin coci, da baƙin cikin da mu ba mu ɗanɗana irinsa ba. Akwai dangantaka, amma gadon nasu ne. Lateef da kansa bai zo Zariya neman abin da aka sace ba, karatu ya zo yi.

Gardama mafi zafi ma ba tsakanin mai son jaz da mai son Shata take ba. Tsakanin masu son jaz ɗin ne su da kansu, kuma sunan da ke hura wutar shi ne Kenny G. Tun fitowar Breathless a 1992 busarsa ta mamaye Nijeriya: bidiyon biki, falon otal, cike gurbi a rediyo kafin labarai. Ga mutane da yawa shi ne jaz, shi da jitar Earl Klugh. Ɗan gani-kashe-nin Coltrane kuwa in ya ji an faɗi haka sai ya ɓata rai kamar an zagi kakansa. Zai ce wannan kiɗan jiran likita ne, babu kasada a ciki, babu inda mai busa ya sa kansa a hatsarin kuskure. A kan kiɗan, ina bayansa. A kan halin, ba na bayansa. Sau da yawa abin da ake kira kare martabar jaz nuna isa ne kawai: na yi boko, na fita waje, kunnena ya fi naka. Mutumin da ya raina mai son Kenny G yakan raina mai son Barmani Coge ma, alhali da ya san abin da yake ji, da ya gane cewa abin da Barmani ke yi da ƙwarya da 'yan amshinta ya fi kusa da Art Blakey fiye da rabin abin da ke wayarsa.

In gardama ta yi tsami, akwai karin maganar da ake jefawa don a sha iska: kowa da kiwon da ya karɓe shi. Da an faɗe ta sai kowa ya yi shiru, a zuba shayi na biyu. Tana hana faɗa, amma ina ganin tana ɓoye wani abu. Tana nuna kamar da ɗanɗanonsa aka haifi mutum, alhali babu wanda ya faɗo duniya yana son Wardi. Abin kamar goro ne: ranar farko ɗaci kawai ka ji, wani ne ya ɓara ya miƙo maka ya ce ka daure ka tauna, ka sha ruwa a kai ka ji. Mai son Shata a shagon kawunsa ya koya. Mai son waƙar Indiya yayarsa ce ta riƙa rera Lata Mangeshkar tana wanke-wanke. Wanda ya ce maka "kowa da nasa" tun kafin ka gama sa masa faifai, ba girmama ra'ayinka ya yi ba, ƙin tauna goron ya yi cikin ladabi. Na fi son wanda zai ji har ƙarshe ya ce mini wannan shirme ne, ya kawo dalili, gobe kuma ya zo da nasa ya ce in ji in ƙaryata.

Akwai kuma wani giɓi da duk ɓangarorin ke tsallakewa. Mai son jaz a Bolori zai iya samo abin da aka naɗa a New York shekara sittin da suka wuce cikin minti ɗaya, da sunan kowane makaɗi. In ka ce ya turo maka faifai guda na algaitar Borno ko ganga kura, mai tsabtar sauti, da sunan mai busa da shekarar ɗauka, sai ya fara kame-kame, ƙarshe ya turo bidiyon biki da aka ɗauka da waya, iska tana kaɗa makirfo. Ba wai ba a taɓa yin aikin ba. Tun ƙarshen shekarun 1980 masanin kiɗa Bajamushe Raimund Vogels da abokan aikinsa na Jami'ar Maiduguri suka zagaya Borno suna naɗar kiɗan Kanuri da na maƙwabtansu, kuma jami'ar tana da haɗin gwiwa da ta Hildesheim wajen adana wannan taska. Amma taskar bincike daban, abin da ke yawo a memori daban. Garuruwa da dama da aka yi irin wannan naɗi a cikinsu rikici ya watsa su, makaɗansu sun zama 'yan gudun hijira.

A haye iyaka an ga yadda abin kan yiwu. Malam Mamman Barka, malamin makaranta kuma gwanin gurmi a Nijar, ya tafi bakin Tafkin Cadi a 2002 da tallafin UNESCO, ya zauna wajen Bukar Tar, dattijon da ake ɗauka shi ne na ƙarshe da ya iya biram, molon Buduma mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale. Ya koya, dattijon ya ba shi nasa biram ɗin. A 2009 wani kamfanin Ingila ya fitar da faifan Introducing Mamane Barka, shi da mai ganga Umaru Adamu. Barka ya rasu a 2018. Faifan yana intanet, da sunayen waɗanda suka kaɗa, kuma daga Baga ta Borno zuwa inda aka koyo kiɗan tafki ɗaya ne.